Baƙuwar Kasko

Kaskon nan Baba ya bar mini.
Bai bar gona ba, bai bar fili a Rigasa ba,
sai kasko ɗaya mai tsagu a baki
da fure a ciki wanda ba ya jin Hausa.

Wani injiniya ɗan Sin ya ba shi
ranar da injinan masaƙa suka yi shiru a Kakuri.
Baba ya ɗauro shi a bayan keke
har Kabala Doki, yana tafe yana waiwaye
kamar mai goyon jinjiri.

Shekara guda, fure guda.
Leɓensa kumbure kamar takalmin yaro,
wari ɗaya, ba ɗan'uwa,
mu yara muka sa masa Takalmin Aljana,
muna leƙa ciki ko za mu ga ƙafar.

Bana da damina ta zauna,
rana ta yi kwana tara ba ta leƙo ba,
sai ga wani kore a bakin kasko,
lallausa, kamar karan-miski.
Gansakuka.
Irin ta gindin randa, irin ta bangon rijiya,
dangin wadda ta kayar da Inna Kande a bakin famfo
har aka kwana wajen mai ɗori.

Na ɗauko cokali zan kankare,
hannuna ya tsaya.
Abin da Baba bai gaya mini ba ya fi yawa,
kuma kabari ba ya amsa tambaya.

Na rungume kasko, na tari Keke,
sai bakin kogi, ƙarƙashin gada,
inda Yohanna Bobai ke jera dashe a baƙar leda.
Ya danna babban yatsa, ruwa ya tsattsafo.
Ya ce, wane ruwa kike ba shi?
Na ce na sama, na duron da ke ƙarƙashin indararo.
Ya ce, shi ya sa ta zo.
Wannan ba ta kwana gidan da ruwa ke da gishiri.
Ba shi na famfo mai warin magani sati biyu
ki ga ta koma tsohuwar tabarma.
Ita ke fara ɗanɗanawa kafin saiwa ta sha.
In ta yi fari-fari, ƙishi ya iso.
In ta yi shar, ajiye buta.
Watan bazara kuma ita ce murfi,
tana hana laima gudu.

Amma fa, in ji shi, yana goge yatsa a wando,
kar ki saki jiki.
Takan yi kauri ta toshe wa saiwa numfashi,
sama kore, ƙasa ruɓa.
Jefi-jefi ki sa tsinke ki buɗa mata taga.

Na ce, to ita ke sa shi fure?
Ya yi dariya har wani mai wankin babur ya juyo.
Wasu sun ce ita ke kawo lafiya,
wasu sun ce lafiya ke kawo ta.
Shekara ashirin ina nan, ban raba gardamar ba.

Na dawo da kaskona a cinya.
A hanya na tuna Malam Barau maƙwabci,
wanda ya riƙa zama gefen gadon Baba
wata huɗu, kullum bayan la'asar,
ba magani a hannunsa, ba dogon zance.
Da ganin fuskarsa in ya fito
mukan san yadda jikin ya yini.
Ba wanda ya gayyace shi.
Ba na jin ma mun yi masa godiya.

Yau da asuba, ina zuba ruwan duro,
na ga kara ya ɓullo tsakanin ganye,
siriri, mai gashi, kai a sunkuye,
takalmin bai buɗe ba tukuna.
A gindinsa baƙuwar ta shimfiɗe,
ba fure, ba ƙamshi, ba ta neman a gan ta.

Na mayar da cokali madafi.
Tsinken yana nan a kan taga.